Kalma Ɗaya da Igiyar Bijimi

Lengko Rana, 9 ga Fabrairu, 1986

Zuwa ga ɗana Kanisius,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kana kuma wanke bayan kunnenka, don ban manta yadda ka zo hutun bara da shi ba. Ni lafiya lau nake, ban da gwiwar hagu, wadda ba ka tambaya ba. Kawunka, Amang Dorus, yana nan yana shan bammi kamar an aiko shi duniya ya ƙarar da shi. Kofi ya yi 'ya'ya, ruwan sama kuma ya ƙi ɗaukewa.

Wasiƙarka ta iso a motar Om Sius direba, shafi huɗu. Da layi biyu ka sallame ni a kan cewa bishop ya sa ranar naɗa ku firistoci, goma sha biyar ga Agusta. Sauran duk ka ƙarar da shi a kan kalma ɗaya ta Latin da za a buga a katin naɗinka. Kanis, na yi sakandare a hannun sistoci, na rera Misa da Latin tun kafin a san za a haife ka. Pasce, ciyar. Magana ta ƙare. Abokanka sun zaɓi ayoyi cikakku, kai ka zaɓi kalma ɗaya kamar mai buga telgiram.

Yanzu ka saurare ni. Agusta ta yi kusa. Gaggawa ba halin mutumin kirki ba ce, kuma rigar firist ba rigar aro ba ce da za a cire in ta matse. Shekara goma sha uku ka yi a makarantun nan, ƙarin shekara ɗaya ba za ta kashe ka ba. Ka je ka gaya wa shugaban makaranta uwarka ta ce a dakata. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau dutse ba zai gani ba.

Sai batun bijimin ɓaunar nan tamu ta gida. Ka san mahaifinka ne ya ɗaure shi da hannunsa a gindin mangwaro, satin da ka tafi ƙaramar makarantar firistoci, yana ɗan maraƙi, ya faɗa gaban dangi cewa wannan na ranar naɗin Kanis ne. Allah bai nufa ya ga ranar ba. Tun daga lokacin ba a sa dabbar nan aiki ba, ba a kuma yi cinikinta ba. Ran biki da safe ni zan miƙa maka igiya, kai ka miƙa wa kawunka, shi ya sa wuƙa. Al'ada ce, ban ce komai ba. Dabba ce kawai, ba ta da suna, ba ta da wani matsayi a gidan nan. Ina dai sanar da kai ya yi mura sati biyu, ya rame, idonsa na dama yana ruwa, kuma ba ya son dusa in ba a sa mata gishiri ba. Ba za a kai irin wannan gaban baƙi a Agusta ba.

Na aiko maka soyayyar masara da kofi. Kada ka raba wa duk makaranta kamar wancan karon.

Uwarka,
Petronela

*

Makarantar firistoci, kusa da Maumere, 2 ga Maris

Ende, uwata,

Na gaishe ki da girmamawa. Yaya gwiwar hagu? Ga shi na tambaya, a rubuta mini. Ina lafiya, bayan kunnena kuma fes. Masara ta iso, mutum shida kawai na ɗanɗana wa.

Ende, ki yi mini haƙuri in ƙara shafi ɗaya a kan kalmar, don ba "ciyar" kawai take nufi ba. Tsohon Fada Wim, Baturen Holan ɗin da ya koya mana Latin, yakan ce ciyarwa iri-iri ce. Rumawa suna da kalmar da suke faɗa in uwa tana shayar da jariri, suna da wata ta reno. Ita pascere kuwa kalmar makiyaya ce. Ka kwance dabba, ka kai ta inda ciyawa take, ka tsaya kana tsaronta, ita ta ci da bakinta. In aka juya kalmar ta koma pasci, to dabbar ce ke kiwo da kanta. Daga nan sunan fasto ya fito, makiyayi ke nan. Har sukan ce mutum ya kai idonsa kiwo in yana kallon abu mai kyau. Fada Wim yakan buga tebur ya ce, "Firist ba cokali ba ne, yara! Ba dura aka aiko ku ku yi wa mutane ba. Ku nuna musu fili, ku kori kura." Shi ya sa na zaɓe ta. Pasce: je ka yi kiwo.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Shekara goma sha uku kina rubuto mini cewa in dage, kada in ba ki kunya, kada in dawo gida da akwati a ka kamar ɗan Ende Sisilia. Yanzu an sa rana kin ce a dakata. Me kika gani a jikina? Ki faɗa mini kai tsaye, ba a san ki da ɓoye laifin mutum ba.

Ki gaishe da Amang. Allah ya ba bijimi lafiya.

Ɗanki,
Kanis

*

Lengko Rana, 6 ga Afrilu

Kanisius,

Gaisuwar Ista. Gwiwa tana nan yadda take. Tambayar da aka roƙa ba tambaya ba ce.

Wannan Fada Wim, ina girmama rigarsa, amma da ganin maganarsa bai taɓa riƙe igiya ba. Dabbar da aka saki, gonar maƙwabci take shiga. Ni shekara goma sha uku ina yanko ciyawa a bakin rafi, in daddatsa kututturen ayaba, in kai wa bijimin nan har bakinsa, in yi masa wanka da ruwan rijiya da la'asar. Bai taɓa taka gonar kowa ba, ba a taɓa kawo mini ƙararsa ba. Haka na yi maka kai ma. Wannan ita ce ciyarwa. In Rumawa suna da wata, shi ya sa mulkinsu ya rushe.

Ka ce in faɗi laifinka. To. Kana ɗan shekara tara ka saci mangwaron gidan Fada, ka ce jemage ne. Ka yi barci kana riƙe da kyandir a Misar Kirsimeti har ka ƙone gashin abokinka Lorens. Kana dariya da ƙarfi. Kana karatu kana cin abinci. Da ka zo hutu ka gyara wa kawunka magana gaban mutane, ko da yake shirme yake yi. Kuma mutumin da zai rubuta wa uwarsa shafi bayan shafi yana koya mata ma'anar ciyarwa, akwai sauran girman kai a cikinsa. Da na ce shekara ɗaya. Da na zauna na lissafa, na ga biyu ta fi.

Bijimi ya fara samun sauƙi, amma ya tsani ƙarar ganga. Da aka yi bikin gidan su Lorens sai da na tsaya kusa da shi yini guda.

Uwarka

*

Makarantar firistoci, 8 ga Yuni

Ende,

Na gaishe ki. Ina fata zaftarewar ƙasar da ta toshe hanya ba ta taɓa ƙauyenmu ba. Wasiƙarki ta yi sati bakwai a hanya. Duk tsawon lokacin ina cewa shirunki fushi ne. Da ta iso na ga gara shirun.

Na karanta ta har na haddace. Da farko na yi dariyar batun jemage. Daga baya na daina. Malamaina sun san ni a aji, ke kika san ni tun ban san kaina ba. In uwar da ta fi kowa son ganin ranar nan ita ce ke cewa ban isa ba, ba zan hau bagade da ƙarfin hali ba.

Ranar talatin ga wannan wata shugaba zai aika wa bishop sunaye na ƙarshe. Kafin nan zan je in roƙa a cire nawa. Ba zan ɓoye miki ba, wanda ya ja baya a bakin ƙofa irin haka, ba kasafai ake sake kiransa ba. Amma na fi son in dawo da akwati a ka da in sa rigar da ba tawa ba.

An riga an buga katin. Zan ajiye su.

Kanis

*

Lengko Rana, 19 ga Yuni

Kai Kanis, ɗan ƙanwata,

Amang Dorus ne. Ina lafiya, ka ga rubutuna ya karkace, teburin ne. Ban saba wasiƙa ba, ka karanta da haƙuri.

Kai da Latin ɗinka duk ba ka da wayo. Ba kai ba ne matsalar, bijimin ne.

Wai ya rame! Bara sai da na faɗaɗa masa ƙofar garke. In yana tafiya ƙasa tana amsawa. Tun Ista nake wasa wuƙata, ta koma siririya kamar ganyen albasa, don hanta da cinyar dama rabona ne na kawu. Amma duk ranar da na je na ɗan taɓa cinyar don in auna, sai uwarka ta biyo ni da muciya.

Shekaranjiya da la'asar wasiƙarka ta zo. Ina bayan garke ina gyaran shinge, ba laɓe nake ba. Sai ga ta ta shigo, ta zauna a kan turmi, ta karanta wa bijimin wasiƙar tun daga kwanan wata har sa hannu. Da ta gama sai na ji ta ce, "Malam, ka ji abin da ɗanka ya rubuto?"

Malam fa, Kanis! Sunan da take kiran marigayi mahaifinka tun yana koyarwa a firamare. Na leƙa in ga ko fatalwa ce, sai na ga bijimi yana tuƙa.

Ta ce, "Malam, mun yi ɓarna, ni da kai. Kai ka ɗaure igiya ka tafi ka bar ni da ita. Wa zan riƙa gaya wa abin da ya faru a kasuwa?"

Sai tari ya kama ni. Ta fito ta ce, "Dorus, me ka ji?" Na ce, "Ni? Kurma ne ni tun haihuwa." Ta ce, "In ka buɗe baki, da wuƙar taka zan yi maka aski." Ban buɗe baki ba, rubutawa na yi.

Ka ga dai cikina na zalunta da wannan wasiƙa. Shekara goma sha uku ina mafarkin hantar nan. Amma ba zan ci hanta a kan rigarka ba. Ka yi abin da ka ga dama, kai ne mai ilimi. In ta tambaya, ba ka san ni ba.

Amang ɗinka

*

Lengko Rana, 19 ga Yuni

Kanisius,

Ina lafiya. Ba ni da lokacin gaisuwa, Om Sius ya ta da mota.

Kada ka kuskura ka taka ofishin shugaba. Ka ji ni? Kada ka kuskura. Laifuffukan da na lissafa duk gaskiya ne, ban janye ko ɗaya ba, amma mangwaro uku ba sa hana naɗi. Na juya ka ciki da waje tun kana zanen goyo, ban ga abin da zai hana ka hawa bagade ba. Ka isa. Ban taɓa faɗa maka ba don kada kanka ya kumbura, kuma ba zan sake faɗa ba, sai ka adana takardar.

Bijimi ya warke, ya yi ƙiba, ya isa yanka. Goma sha biyar ga Agusta za a naɗa ka, ran bikin gida zan miƙa maka igiya kamar yadda mahaifinka ya faɗa. Bayan nan ina da wanki a rafi mai nisa, kada a aika nemana.

Na ga kawunka ya ba direba wata takarda yana waige-waige. Duk abin da ke ciki bammi ne ya rubuta.

Uwarka

*

Makarantar firistoci, 29 ga Yuni

Ende,

Na gaishe ki, na gaishe da gwiwa, ba da roƙo ba. Wasiƙu biyu sun iso jiya suna warin busasshen kifi. Taki na adana ta a cikin littafin addu'ata. Ɗayar kuwa ban san wanda ya rubuto ta ba. Sunana yana nan cikin na bishop.

Yanzu ga tawa maganar. Na zauna da wani dattijon ƙasarmu da ke aikin lambu a nan, na tambaye shi al'adar igiya tun daga tushe. Ya ce da zarar uwa ta miƙa, dabba ta zama ta mai biki. Shi zai ba kawu. Na ce, yaushe? Ya sosa kai, ya ce shi dai bai taɓa jin kakanni sun sa rana ba, don ba a taɓa samun wanda ya tsaya tambaya da yunwa a cikinsa ba.

An gaya mini inda za a tura ni: Wae Mbelar, can kan duwatsu, inda mota ba ta zuwa. Cocin yana da fadamar shinkafa da ta shekara biyar ba a taɓa ba, don babu dabbar da za ta tattake ta. Zan karɓi igiya daga hannunki, in riƙe abina. Baƙi su ci aladu da awakin da dangi za su kawo. Za a yi surutu, na sani, a ce bikin gidan Malam ba ɓauna. Wannan ke za ki auna ko za ki iya ɗauka.

Sharaɗi ɗaya ne. Ƙauyuka tara zan riƙa zagayawa a ƙafa. Babu mai yanko masa ciyawa a can, babu mai sa masa gishiri a dusa. In bai iya ci da kansa ba, yunwa za ta yi masa abin da wuƙar Amang ba ta yi ba. Saura sati shida da 'yan kwanaki.

Ende, pasce.

Ɗanki,
Kanis

*

Lengko Rana, 14 ga Satumba

Zuwa ga Fada Kanisius a coci, Kanis a gidan nan,

Gaisuwa. Ina fata kun isa lafiya, ku biyun. Gwiwar hagu ta ƙara lalacewa, kuma yanzu za ka ji dalili, tunda ran biki baƙi ba su bar ni na zauna da kai ba.

Ba a ba uwa umarni, ko da Latin. Wannan na ajiye maka shi. Amma washegarin zuwan wasiƙarka na kwance shi na kai shi filin bayan coci. Ya tsaya cikin ciyawa har gwiwa yana kallona, yana jiran abinci. Yini guda. Rana ta biyu na tsinko ciyawa na ba shi a hannu, ina sauke hannun ƙasa kaɗan-kaɗan. Da hannun ya kai ƙasa sai ya ɗaga kai ya bar ta. Girman kai, irin na wasu.

Rana ta biyar na duba gabas da yamma ban ga kowa ba, na durƙusa a kan gwiwar nan, na sa fuskata cikin ciyawa ina motsa baki don ya gani. Ashe matan da suka dawo kasuwa suna kan hanyar sama. Sai muryar Sisilia: "Ende Nela! Shinkafa ce ta ƙare a gida? Da kin yi magana ai!" Na ce, "Darasi nake bayarwa, Sisilia. Da kin durƙusa wa naki haka, da bai dawo da akwati ba." Na je na faɗi wannan a wurin ikirari, Fada ya ce in nemi gafararta. Na nema, a taƙaice.

Rana ta tara ya sunkuya ya ci da kansa. Rana ta goma ya shiga gonar masarar Sisilia. Ka gaya wa Fada Wim na faɗa.

Surutun biki kuwa an yi shi, har yanzu ana yi. Kai kana gaba ba ka ga fuskar kawunka ba lokacin da ka naɗe igiyar a hannunka ka ci gaba da gaisawa da mutane. Ya tsaya da hannu a miƙe har aka fara rabon abinci. Da aka ba shi kawunan aladu uku ya haƙura, yana ci yana cewa shi dama hanta tana sa shi ƙaiƙayi.

Ran da kuka tafi na raka ku har rafi. Na ɗauka zai turje. Ya tsallaka, ya tsaya a wancan gefen, ya sa kai cikin ciyawa kamar tun haihuwa yake yi, bai waiwayo ba. Kai ma kana ta magana da mutanen da suka zo tarbarka, ba ka waiwayo ba. Na yi fushi da ku kwana uku. A na huɗu ina shara gindin mangwaro na ga ashe abin da na durƙusa ina nema ke nan. Kalmar taku ba ta da laifi. Sai dai Rumawan ba su faɗi abin da makiyayi zai yi da hannunsa ba in dabba ta iya.

A buhun nan gishiri nasa ne, kofi naka. Kada ka haɗa. Kada a sa shi fadama da rana tsaka, bai saba ba. In za a buga ganga a gaya masa tukuna. In ka ji ana cewa yana amsa wani suna, ƙaryar kawunka ce, amma ka gwada in ya ƙi tashi.

Shi kawun naka makon jiya ya jawo wani ɗan maraƙi ya ɗaure a gindin mangwaro, wai na bikin cikarka shekara ashirin da biyar a firistanci. Na ce, "Dorus, lokacin ko haƙori ba ka da shi." Ya ce zai sha romo. Dabba ce kawai, ba ta da suna. Ina kwance shi da safe in kai shi fili, in tsaya daga nesa. Yana ɗan tari, amma wannan ba ruwanka.

Ka wanke bayan kunnenka. Yanzu jama'a daga baya suke kallonka.

Uwarka,
Petronela